Mai Ƙirgar Shirwa

A gidan suna Chaibou ya yi abin, a Sevran da ke gefen Paris, wata Asabar ta ƙarshen Fabrairu. Matar abokinsa Salifu ce ta haihu, aka taru a wani dogon bene na unguwar Beaudottes, maza a falo, mata a ɗaki da kicin, takalma sun cika bakin ƙofa har sun gangaro kan matakala.

Chaibou ya haura shekara ashirin a Faransa, yana aiki a sashen takardu na wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Paris. Mutum ne mai tsabta da son a ga ya iya zama da manya. Sun rabu da matarsa Rékia tun 'yarsu Sahadatou tana firamare. Rékia ta ɗauki yarinyar suka koma Lyon, inda ta samu aikin jinya a asibiti. Tun daga nan sai lokacin hutu yake ganin 'yar, kuma da Faransanci suke magana, don ya ɗauka Hausa ta daɗe da kuɓuce mata. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiran sunanta, Ummi yake ce mata. Yanzu ta kai shekara ashirin, tana karatun halittu a jami'a, kuma ta zo Paris ne a wannan makon don ta gan shi.

Cikin baƙin ranar akwai Alhaji Illo, babba a wurin aikinsu, mutumin Tahoua, wanda idan ya yi dariya kowa sai ya yi. Chaibou ya yi dabara har ya samu kujerar da ke kusa da shi. Suna cikin hira Sahadatou ta shigo da tiren shayi.

"'Yar wa ke nan?" in ji Alhaji Illo.

"Tawa ce, Alhaji."

Ta rusuna ta gaishe shi. Ya tambaye ta da Faransanci me take karantawa. Nan take fuskarta ta washe. Ta ce daga mako mai zuwa har tsakiyar Afrilu za ta riƙa wuni a kan wani dutse kudu da Lyon, ita da wasu masu sa-kai, suna ƙirga tsuntsaye masu farauta da ke dawowa daga Afirka idan sanyi ya fara saki. Ta ce wasunsu ma daga wajen ƙasarmu suke tasowa.

Alhaji Illo ya juya ga Chaibou, ya koma Hausa. "Malam Chaibou, me ta ce? Tsuntsaye?"

"Shirwa, Alhaji."

"Shirwa dai da na sani, mai ɗaukar 'yan tsaki? To idan an ƙirga ta sai a yi me da ita?"

Aka fara 'yar dariya. Chaibou ya ji kunnuwansa sun yi zafi. A falon akwai mai ɗa likita, akwai mai 'ya a banki. Ya gyara zama, ya yi murmushi.

"Ai Alhaji, mu mun gudo daga ƙauye ne don kada 'ya'yanmu su yi korar tsuntsu a gona. Ga shi an kai ta jami'a, ta koma korar tsuntsu. Ba laifinta ba ne. Haka ake yi idan aka bar wa mace tarbiyya, macen ma irin uwarta, wadda gida ba ya riƙe ta."

Dariyar ta kama falon sosai. Alhaji Illo har da dukan cinya. Chaibou ya ji daɗin hakan, kuma daga baya wannan daɗin ne ya fi damunsa.

Sahadatou ta ajiye tiren a kan tebur. Ta yi magana da Hausa, a hankali, tana ɗaukar kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai taka dutse a rafi.

"Baba, ba korarsu nake yi ba. Ƙirga su nake yi."

Ba ta fita da gudu ba. Ta zuba wa kowa shayinsa, ta miƙa da hannu biyu, har da mahaifinta, sannan ta ɗauki tiren ta koma kicin. Kafin a yi sallar la'asar ta tafi. Salifu ne ya gaya masa cewa ta ɗauki jakarta ta nufi tashar jirgi ita kaɗai.

Makonnin da suka biyo baya Chaibou bai ji daɗin jikinsa ba. Idan ya kira ba ta ɗauka, sai ta turo gajeren saƙo cewa tana lafiya. A wurin aiki ya daina shiga ɗakin cin abinci. Yakan tsaya yana aske gemu da safe, maganar ta dawo masa da muryarsa, da yadda ya ja kalmar "uwarta" don a fi dariya, sai ya kasa kallon madubi. Ya yi ta tunanin yaushe ta koyi Hausa, a wurin wa, kuma me da me ta ji a bakinsa a shekarun baya yana waya a gabanta.

A tsakiyar Maris ya rubuta mata cewa yana son zuwa ya ga wurin aikinta. Ba ta ce zo ba, ba ta ce kada ka zo ba. Taswirar wurin kawai ta turo.

Ya biya unguwar Goutte d'Or, inda ake sayar da kayan gida, ya sayi kilishi, washegari da sassafe ya shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon. Daga can ya canza zuwa ƙaramin jirgi mai bin gefen kogin Rhône, sannan taksi ta sauke shi inda kwalta ta ƙare. Sauran hanyar da ƙafa ya hau, cikin gonakin inabi da ba su fara ganye ba, sanye da takalmin buro, wanda yake zuwa aiki da shi, da doguwar kwat. Kafin ya kai sama takalmin ya yi furu-furu da ƙasa, numfashinsa na fita da ƙyar.

Ya tarar da mutum biyar a kan dutsen, sun jera kujerun naɗewa suna fuskantar kudu, kowa da madubin hangen nesa a ido. Iska mai sanyi tana kaɗowa daga arewa. A ƙasa kogin ya miƙe, babbar hanyar mota na biye da shi. Sahadatou tana can gefen hagu cikin wata ƙatuwar riga mai hula, ta ɗaure ɗankwali a ƙarƙashi. Ta sauke madubin, ta zo ta rusuna.

"Baba, ina kwana. Ka zo lafiya?"

"Lafiya lau, Ummi. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

Da Hausa ta gaishe shi. Ta koma kujerarta.

Wata dattijuwa mai farin gashi ta taso da fara'a ta kama hannunsa. Sunanta Madam Odile, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ita ke shugabantar ƙirgar a bana.

"Kai ne mahaifin," ta ce da Faransanci. "Mun san ka ai. Kai ne yaron da shirwa ta sure wa nama."

"Wa ya ba ku wannan labarin?" in ji Chaibou.

"Duk 'yan makarantar da aka kawo mana nan sai Sahadatou ta ba su labarin. An aike ka wurin mahauci, ka ɗora naman a faranti a kai, shirwa ta sauko ta ɗauke, ka bi ta da gudu har bayan gari kana roƙonta ta mayar da rabi. Yara suna mutuwar dariya. Ta ce tun ranar da ka ba ta labarin take ɗaga kai tana neman tsuntsun, har ta gano yana zuwa nan ma."

Ya tuna. A wani lambu ne a Paris, tana 'yar ƙarama, ta faɗi ta kurje gwiwa, ya ba ta labarin don ta daina kuka. Sau ɗaya ya faɗa, ya manta. Ya yi ƙoƙarin yin murmushi ga Madam Odile, bakinsa ya ƙi. Ya dubi 'yarsa, ita kuwa idonta na cikin madubi.

Aka ba shi kujera kusa da ita. Ya zauna da ledar kilishi a cinya, ya rasa inda zai sa hannunsa. Duk hanyar jirgi ya shirya abin da zai faɗa, ya ga idan bai faɗa yanzu ba zai kasa.

"Ummi, maganar da na yi a gidan Salifu..."

"Baba, ba yanzu ba."

"Ki bari in faɗa. Wallahi tun ranar ban..."

Ta sauke madubin ta dube shi. Bai fi ƙiftawar ido kaɗan ba. A daidai lokacin wani daga cikin mazan, mai suna Taha, ya ɗaga murya yana nuna gabas, kowa ya juya. Sahadatou ta mayar da madubin da sauri, ta bi sama, ta bi gefen tsaunin, ta sake dawowa.

"Sahadatou, nawa ne a ɓangarenki?" in ji Madam Odile.

"Ban same su ba. Sun shige bayan tudu."

"Babban garke ne. To, ba komai, sai mu sa abin da Taha ya gani daga nan."

Babu wanda ya dubi Chaibou. Kowa ya ci gaba da aikinsa cikin ladabi, shi kuwa ya gwammace a ce masa wani abu. Ya gane cewa an raba sararin sama ne kashi-kashi, gabas nata ne, kuma shi ya ɗauke mata ido. Ya ja kujerarsa baya kaɗan.

Da rana ta ɗan ɗaga, Madam Odile ta kawo masa wani tsohon madubi da ɗan ƙarfen ƙirga, irin wanda ake dannawa da babban yatsa yana cewa ƙas. Ta ce tunda ya hawo, ya taya su. Da farko bai ga komai ba sai fari da shuɗi. Can sai ya hango wasu ɗigo-ɗigo a saman kogin. Suka ƙaru, suka matso, suka zama tsuntsaye. Ya gane su tun kafin a faɗa masa: launin ƙasa, dogayen fukafukai, wutsiya mai 'yar tsaga tana murɗawa hagu da dama. Shirwa ce sak, irin ta kan bishiyar mahauta a ƙauyensu. Sai dai bai taɓa ganin su da yawa haka ba, kuma ba abinci suke nema ba. Sun taru wuri guda suna kewayawa, suna hawa sama ba tare da kaɗa fiffike ba.

Ya hau dannawa. Kafin ya kai goma sun cakuɗe, wanda ya ƙirga ya zagayo ya sake shiga gabansa. Ya mayar da ƙarfen sifiri ya sake farawa, ya sake rikicewa.

"Ka jira," in ji Sahadatou, ba ta cire ido daga madubi ba. "Iska mai ɗumi ce ke ɗaga su. Idan sun gama hawa za su miƙe arewa a layi. A nan ake ƙirgawa."

Ya jira. Na saman ya karkata ya miƙe, wani ya bi shi, wani ya bi wannan, kamar ana warware zare. Suka ratsa ta saman kansu shiru, har yana ganin kan wani yana juyawa yana duban ƙasa. Ƙas, ƙas, ƙas, ta kowane gefe. Da na ƙarshe ya wuce, ta ce sittin da uku. Ya duba nasa, arba'in da ɗaya.

"Na farko kowa haka yake yi," ta ce.

"Daga ina suke?"

"Wasu Senegal, wasu Mali, wasu wajenmu. Sun ƙetare hamada da teku. A nan za su yi sheƙa su ƙyanƙyashe, kafin kaka su koma."

"To ƙirgar fa?" Ya ji tambayar ta yi kama da ta Alhaji Illo, ya yi saurin gyarawa. "Ina nufin, me take nuna muku?"

"Idan ana ƙirgawa kowace shekara a wuri ɗaya, za a san waɗanda ke raguwa. Idan sun ragu, wani abu ya lalace a hanya, ko a can, ko a nan. Guba a gona, ko fari, ko wayoyin lantarki." Ta gyara riƙon madubin. "Abin da na so in gaya wa abokinka ke nan."

Wajen azahar sama ta yi fayau, ba ko tsuntsu ɗaya. Ta miƙa masa gorar ruwa ya yi alwala a bayan wani dutse, ruwan kamar ƙanƙara. Ya shimfiɗa kwat ɗinsa ya yi salla, ita ma ta yi tata. Sannan suka zauna nesa da sauran, ya buɗe kilishin. Ta ɗauki yanki ɗaya ta kai wa abokan aikinta ragowar, ta dawo.

"Yanzu ka faɗa, Baba."

Duk abin da ya shirya ya gudu. Ya ce, "Na yi abin kunya. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana tauna kilishin. Da ta buɗe baki sai ta haɗa Hausa da Faransanci, inda wannan ya ƙare mata ta kama wancan.

"Dariyar tsuntsaye ba ta dame ni ba. A jami'a ma ana yi mini. Na Mama ne. Ka san me ya sa gida ba ya riƙe ta? Aikin dare take karɓa don da rana ta kasance tana nan idan na dawo daga lakwal. Ita ta koya mini Hausa, a kicin, da ƙarfi da yaji, ina kuka ina cewa ba na so. Ta ce wata rana zan je gaishe da dangin ubana, kada a ce ba ta koya mini ba. Shekara biyu ina son in ba ka mamaki, ina jira sai na iya sosai."

Chaibou ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ya ji da ƙasar dutsen za ta buɗe da ya shige.

"Ni na yafe," ta ce. "Amma ba ni kaɗai ka taɓa ba."

Da yamma aka naɗe kujeru. Sahadatou ta tuƙa su zuwa Lyon a tsohuwar motar Rékia, wadda ta bar mata tun farkon wata, ita tana hawa taram, jirgin cikin gari, zuwa asibiti. Suka shiga unguwar Guillotière ana rufe shaguna, ƙamshin gasasshen nama da burodi ya cika titi. Gidan Rékia yana hawa na huɗu, babu lif.

Rékia tana guga a falo, kayan aikinta farare a rataye a jikin ƙofa. Ta yi 'yar furfura a gaban goshi da bai san da ita ba. Ta yi mamakin ganinsa, amma ta tarbe shi yadda ya kamata.

"Baban Sahadatou, kai ne a garinmu? Sannu da zuwa. Ya hanya, ya mutanen Paris?"

Suka gaisa. Sahadatou ta ce za ta shiga wanka, ta bar su. Ya ƙi zama.

"Na zo ne in ba ki haƙuri, Rékia, a kan maganar gidan Salifu."

"Wace magana?"

Ya dube ta da kyau, ya ga da gaske take. Yarinyar ba ta gaya mata ba. Da zai ce ba komai, wata 'yar magana ce, da an wuce wurin, kuma ya ji zuciyarsa ta karkata can. Sai ya ji ƙarar ruwa a banɗaki. Ya tsaya a tsakiyar falon da ƙura a ƙafar wandonsa, ya maimaita abin da ya faɗa, kalma da kalma, ya faɗi su wa ke wurin, ya faɗi cewa an yi dariya. Muryarsa ta yi ƙasa a ƙarshen, ta sa shi ya sake faɗa don ba ta ji ba.

Rékia ta kafa dutsen guga a tsaye.

"A gabanta ka faɗa?"

"A gabanta."

"Shi ya sa ta dawo ba ta ci abinci ba. Na ɗauka ciwon ciki ne." Ta cire filogin daga bango, ta naɗe wayar a hannunta a hankali. "Ni maganar maza a falo ba ta rage mini komai, Chaibou. Na ji wadda ta fi wannan. Amma yarinyar nan ta daɗe tana tara abin da za ta nuna maka."

"Na sani yanzu."

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ni aiki zan tafi." Ta ɗauki rigarta daga jikin ƙofa, ta tsaya. "Akwai shinkafa a tukunya idan za ka ci. Idan za ka sauka kuma ka tafi mini da shara, tana bayan ƙofar kicin."

Bai iya cin shinkafar ba. Ya ɗauki ledar sharar ya sauka hawa huɗun. A tsakar gidan ya tarar da manyan kwanduna kala-kala, ya tsaya da leda a hannu bai san wanne ne nasu ba, har wani tsoho Balarabe da ke shigowa da burodi ya nuna masa. Yana rufe murfin sai taga ta buɗe a sama. Sahadatou ce, ta naɗe kanta da tawul.

"Baba, ƙarfe nawa jirginka?"

"Takwas da rabi."

"Jira ni in sa takalmi. Ba ka san hanyar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba a nan."

Ya koma bakin ƙofar gidan ya tsaya yana jiranta.